Me ya sa dutse babba da ƙarami ke sauka tare, amma ƙusa ta nutse jirgin ruwa ya tsaya?

Tambaya: Malam, ina karatun fiziks a sakandare, kuma akwai abu biyu da suka ƙi haɗuwa a kaina. An koya mana cewa idan aka saki babban dutse da ƙarami daga sama lokaci ɗaya, tare za su sauka, wai nauyi ba ya ƙara saurin faɗuwa. To amma a ruwa 'yar ƙusa tana nutsewa, gungumen katako yana tasowa, jirgin ruwa na ƙarfe kuma yana zaune abinsa a sama. Ina dokar take a nan? Sannan ta yaya zan auna densitin dutse a ɗakin gwaji in samu lissafi mai kyau?

Amsa: Doka ɗaya ce take aiki a wuraren biyu, wadda Isaac Newton ya wallafa a 1687: ka tara duk ƙarfin da ke aiki a kan abu, na sama ka cire daga na ƙasa, abin da ya rage ka raba da mas ɗin abin, sai ka samu yadda gudunsa zai riƙa ƙaruwa. A rubuce, a = F ÷ m. Abin da ya sauya tsakanin iska da ruwa shi ne yawan ƙarfin da za ka tara. A iska, ga dutse, kusan jan ƙasa ne kaɗai yake da ta cewa. A ruwa akwai wani ƙarfi na biyu mai girma da yake turo abin sama, kuma shi ne ya shigo da densiti cikin maganar.

Kafin lissafi, ka raba abu uku da ɗalibai ke cakuɗawa. Mas shi ne yawan abin da ke jikin abu, ana auna shi da kilogiram, kuma ba ya sauyawa duk inda aka kai abin. Shi ne kuma ma'aunin taurin kan abu idan ana son motsa shi ko tsayar da shi. Nauyi ƙarfi ne, ƙarfin da duniya take jan abin da shi, ana auna shi da niyuton, kuma W = m × g, inda W nauyi ne, m mas, g kuwa ƙarfin jan ƙasa a kan kowane kilogiram ɗaya. A doron ƙasa g kusan 9.8 ne, ya ɗan ragu zuwa 9.78 a ikwaita, ya kai 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. A duniyar wata 1.62 ne kacal. Mutum mai kilogiram 60 nauyinsa niyuton 588 ne a nan, a wata kusan niyuton 97, amma kilogiram 60 ɗinsa suna nan yadda suke. Densiti kuwa mas ne a raba da girma, girma a nan yana nufin sararin da abin ya cinye. Santimita kubik ɗaya na ruwa giram 1 ne, na alminiyam giram 2.70, na baƙin ƙarfe kusan 7.85, na dalma 11.3, na zinariya 19.3. Babban abu yana iya zama mai ƙaramin densiti, ƙaramin abu kuma mai babban densiti.

Yanzu ɗauki duwatsu biyu, ɗaya kilogiram 1, ɗaya kilogiram 10. Duniya tana jan ƙaramin da niyuton 9.8, babban da niyuton 98. Gaskiya ne babban ana jansa da ƙarfi ninki goma, kuma a nan mutane ke tsayawa su yanke hukunci. Amma babban ya fi wuyar motsawa ninki goma shi ma. Ka raba: 9.8 ÷ 1 da 98 ÷ 10 duk 9.8 ne. Kowannensu gudunsa yana ƙaruwa da mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan. Daga tsawon mita 5 za su ɗauki kusan sakan 1, daga mita 20 kusan sakan 2, su taɓa ƙasa da gudun da ya kusa mita 20 a sakan. Lura, tsawo ya ninka huɗu amma lokaci biyu kawai ya ninka, domin nisan faɗuwa shi ne ½ × g × t², inda t shi ne lokacin faɗuwar a sakan.

Galileo ya kawo wata hujja a littafinsa na 1638 da ba ta buƙatar ko igiyar awo. A ɗauka babban dutse ya fi ƙarami saurin faɗuwa. To a ɗaure su da igiya a saki. Ƙaramin mai nawa zai riƙe babban, don haka haɗin ya kamata ya fi babban shi kaɗai jinkiri. Amma haɗin ya fi babban nauyi, don haka ya kamata ya fi shi sauri. Abu ɗaya ba zai zama ya fi sauri kuma ya fi jinkiri ba, sai dai zaton farko ne ya rushe. An kuma nuna abin a zahiri a 1971, lokacin tafiyar Apollo 15, da ɗan sama jannati David Scott ya tsaya a kan wata ya saki guduma da gashin shaho tare, suka taɓa ƙasa lokaci ɗaya, saboda babu iska a can.

A nan duniya gashin tsuntsu yana jinkiri ne saboda turjiyar iska. Wannan ƙarfi yana ƙaruwa da faɗin fuskar da abu ya nuna wa iska, kuma ga abubuwa masu girman dutse ko mutum yana ƙaruwa da gudu sau gudu: ka ninka gudu biyu, turjiya ta ninka huɗu. Gani ya kori ji, gwada da kanka. Saki littafi da takarda gefe da gefe, littafin zai riga sauka. Sai ka ɗora takardar a saman littafin, ka tabbata ba ta leƙo ta gefe ba, ka sake saki. Tare za su sauka, domin littafin ya kare ta daga iska. Mas ɗin takardar bai sauya ba ko kaɗan.

Akwai wani gyara da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba. Idan faɗuwar ta yi nisa, babban dutse zai ɗan riga ƙarami, ko da irin dutse ɗaya ne. Ka ninka faɗin dutse biyu, mas ɗinsa ya ninka takwas, fuskarsa huɗu kawai ta ninka, don haka iska ta fi tasiri a kan ƙaramin. Shi ya sa ƙura ke daɗewa a sama tsakuwa kuwa ta faɗo nan take. A faɗuwar mita biyu ko uku bambancin duwatsu biyu bai kai abin da ido zai kama ba. Idan gudu ya yi yawa har turjiya ta yi daidai da nauyi, jimillar ƙarfi ta zama sifili, gudun ya daina ƙaruwa amma abin bai tsaya ba. Mai tsalle daga jirgin sama, idan ya shimfiɗa jikinsa bai buɗe laima ba, gudunsa yakan daina ƙaruwa a kusan mita 55 a sakan, manyan ɗigon ruwan sama a kusan mita 9 a sakan. Ka riƙe wannan da kyau don jarrabawa: jimillar ƙarfi sifili tana nufin gudu ba ya sauyawa, ko abin yana tsaye ko yana tafe.

Mu shiga ruwa. Matsin ruwa yana ƙaruwa da zurfi, faskal 9,800 a kowace mita (faskal ɗaya shi ne niyuton ɗaya a kan mita sukwaya ɗaya). Ka yi tunanin akwati mai santimita 10 a kowane gefe, girmansa lita ɗaya, an nutsar da shi. Matsin da ke gefunansa huɗu yana soke juna. Amma gindinsa ya fi samansa zurfi da mita 0.1, don haka matsin gindi ya fi na sama da faskal 980. Faɗin gindin mita sukwaya 0.01 ne. Ka ninka, ka samu niyuton 9.8 yana turo akwatin sama. Duba wannan lamba: daidai take da nauyin lita ɗaya ta ruwa, wato ruwan da akwatin ya kora daga wurinsa. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis, mutumin Sirakus da ya rayu a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa: ruwa yana tallafa wa abu da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da abin ya kora. Ruwan bai damu da abin da ke cikin akwatin ba, dalma ce ko iska. Girman da ya shiga ruwa kawai yake gani.

To ga kilogiram 1 na ƙarfe da kilogiram 1 na katako mai densiti 0.6. Nauyinsu ɗaya, niyuton 9.8. Ƙarfen girmansa santimita kubik 127 ne, ya kori giram 127 na ruwa, tallafin da ya samu niyuton 1.25. Saura niyuton 8.55 zuwa ƙasa, sai ya nutse. Katakon girmansa santimita kubik 1,667, idan ka danna shi ƙarƙashin ruwa gaba ɗaya tallafin ya kai niyuton 16.3, ya fi nauyinsa da niyuton 6.5, sai ya taso. Yana tasowa ruwan da yake korawa yana raguwa, har ya kai inda ya kori kilogiram 1 cif, a nan zai tsaya, kashi 60 cikin 100 na jikinsa a ruwa, 40 a waje. Rabon da ke nutsewa shi ne densitin abu a raba da densitin ruwan. Ƙanƙara 0.917 ce, ruwan teku kusan 1.025, shi ya sa kusan kashi tara cikin goma na tsaunin ƙanƙara ke ɓoye a ƙarƙashin teku. A cikin zaiba, mai densiti 13.6, dunƙulen dalma ma tasowa yake yi.

Jirgin ruwa kuwa, ɗauki wannan kilogiram 1 na ƙarfe ka buga shi ya zama falle mai kaurin kusan milimita 1, ka lanƙwasa shi ya zama akwati marar murfi, tsawo santimita 20, faɗi 20, zurfi 10. Ƙarfen shi ne dai, mas ɗinsa bai ragu ba. Amma yanzu yana iya korar har santimita kubik 4,000 na ruwa kafin ruwa ya kai bakinsa. Yana buƙatar korar 1,000 ne kawai don ya ɗauki kansa, kuma faɗin gindinsa santimita sukwaya 400 ne, don haka zai shiga ruwa da santimita 2.5 ya tsaya. Za ka iya loda masa ƙarin kusan kilogiram 3. Ka huda gindinsa, ruwa ya maye gurbin iskar da ke ciki, ya koma korar santimita kubik 127 na ƙarfen kaɗai, ya bi ƙusa zuwa ƙasa. Densitin da ake dubawa a jirgi na dukan jikin ne, ƙarfe da kaya da iskar da ke ciki. Kuma da yake ruwan kogi bai kai na teku densiti ba, jirgi yana ƙara shiga ruwa idan ya bar teku ya shiga kogi. Saboda haka ne layin lodi da ake zanawa a gefen manyan jirage, wanda Samuel Plimsoll ya yi fafutuka har ya shiga dokar Birtaniya a 1876, yake da alama daban ta ruwan daɗi da ta ruwan gishiri a yau.

Iska ma tana yin wannan tallafin, ƙanƙantarsa ce ta sa ba a lura. Mita kubik ɗaya na iska kusan kilogiram 1.2 ne, na ruwa 1,000, wato ruwa ya ninka iska sama da sau 800. Kilogiram ɗin ƙarfen nan ya kori giram 0.15 na iska kacal, abin da ba ya sauya komai a lissafin makaranta. Balan-balan mai iskar hiliyam kuwa densitinsa bai kai na iska ba, don haka yana tashi a iska yadda katako ke tashi a ruwa.

Sai awon densitin dutse. Hanyar da aka saba ita ce sikeli da silindar awo. Ka fara auna dutsen a bushe, kafin ya taɓa ruwa, bayan ka tabbata sikelin yana kan sifili kuma yana zaune a kan tebur madaidaici. A ce ya ba ka giram 54.0. Zuba ruwa a silinda mai mililita 100 har zuwa 50. Saman ruwan yana lanƙwasa ya hau bangon gilashi, to ƙasan lanƙwasar za ka karanta, idonka daidai da layin. In ka leƙo daga sama ko daga ƙasa za ka iya kuskure mililita ɗaya. Ɗaura dutsen da siririn zare ka saukar da shi a hankali. Jefa shi yana fantsamar da ruwa, kuma yana iya fasa gindin silindar. Ƙwanƙwasa gilashin da yatsa don kumfar da ta maƙale a jikin dutsen ta saki, domin kumfa tana ƙara girman ƙarya, densiti ya fito ƙasa da gaskiya. A ce ruwa ya hau zuwa 70. Girman dutsen mililita 20 ne, kuma mililita ɗaya daidai take da santimita kubik ɗaya. Densiti 54.0 ÷ 20, wato 2.7.

Raunin wannan hanya yana wajen girman. Karatu biyu ka yi a silindar, kowanne yana iya kaucewa da rabin mililita, don haka 20 ɗin nan tana iya zama 19 ko 21. Densitin ke nan yana tsakanin 2.57 da 2.84, kuskuren kashi 5 cikin 100. Sikelin kuwa kuskurensa bai kai rabin kashi ɗaya ba. Saboda haka wanda ya rubuta 2.700 ya yi iƙirarin abin da kayan aikinsa ba su ba shi ba, 2.7 ya isa. Idan dutsen mililita 5 ne kuskuren ya kai kashi 20, awon ya zama kusan aikin banza. Ka zaɓi dutse mafi girma da zai shiga silindar, da silinda mafi sirantaka da za ta karɓe shi.

Ni dai hanyar da nake ba da shawara, in akwai sikelin lantarki mai karanta giram 0.1, ita ce ta rataya. Ɗora kofin gilashi mai ruwa a kan sikelin, ka danna maɓallin da ke mai da shi sifili. Rataye dutsen da zare daga wani abin riƙo da ke tsaye a kan tebur, ba a kan sikelin ba, ka saukar da shi har ruwa ya rufe shi, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da sikelin ya nuna a giram ita ce girman dutsen a santimita kubik. Dalili kuwa dokar Newton ta uku ce: ruwa yana turo dutsen sama da nauyin ruwan da ya kora, dutsen kuma yana danna ruwan ƙasa da daidai wannan ƙarfi, shi ne sikelin ya ji. In ya nuna 20.3, densitin 54.0 ÷ 20.3 ne, wato 2.66, kuma kuskuren ya sauko zuwa kusan rabin kashi ɗaya. Idan lambar ta yi tsalle zuwa kusan 54, dutsen ya zauna a gindi ne, ɗaga shi. Idan tana rawa, hannunka ne ke riƙe da zaren ko iskar fanka tana kaɗa shi. Ga mai son tsantseni, densitin ruwa a digiri 20 na Selsiyos 0.998 ne, amma wannan gyaran kashi 0.2 ne kawai, a matakin sakandare ana iya barinsa.

Da sikelin rataya mai sifirin ma ana yi. Dutsen nan zai nuna kusan niyuton 0.53 a iska, 0.33 a cikin ruwa. Bambancin, 0.20, shi ne tallafin ruwa, kuma 0.53 ÷ 0.20 ya ba da kusan 2.7, wato sau nawa dutsen ya fi ruwa densiti. Sai dai sikelin da aka yi don niyuton 10 ba zai iya rarrabe irin waɗannan ƙananan lambobi ba, nemi na niyuton 1 ko ka ɗauki dutse babba.

Wasu abubuwan ba sa karɓar wannan awon kai tsaye. Dutse mai ƙofofi, irin bulo ko alli, yana shan ruwa, ka ga kumfa tana ta fita ruwan yana sauka, sai girman ya fito ƙarami densiti ya fito babba. A shafe shi da ɗan siririn kakin kyandir, ko a jiƙa shi ya ƙoshi bayan an riga an auna mas ɗinsa a bushe, a goge samansa sannan a auna girman. Abin da ke narkewa a ruwa, kamar dunƙulen gishiri, a auna shi a cikin kananzir, amma in hanyar rataya ce sai ka raba lambar sikelin da densitin kananzir ɗin, kusan 0.8, kafin ka samu girma. Abin da ke tasowa kuma a danna shi da tsinin allura har ruwa ya rufe shi. Kada ka danna da yatsa, domin yatsan ma yana korar ruwa.

Inda ake yawan zubar da maki shi ne sauya ma'auni. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma mita kubik ɗaya santimita kubik 1,000,000 ne, wato 100 × 100 × 100. Don haka giram 2.7 a santimita kubik ya zama kilogiram 2,700 a mita kubik, ana ninkawa da 1,000. Ka riƙa gwada amsarka da ruwa: dutsen da ya nutse a gabanka dole densitinsa ya wuce 1,000 a wannan ma'auni, in ka samu 270 ko 2.7 ka koma ka duba. Haka nan kada ka sa giram a cikin W = m × g ka kira amsar niyuton, giram 54 sai an mai da shi kilogiram 0.054 tukuna.

Densiti yana taimakawa wajen gane abu, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Duwatsu da yawa suna tsakanin 2.5 da 3.0, alminiyam ma 2.70 ne, don haka lambar 2.7 ba za ta gaya maka sunan dutsenka ba. Takan dai kore zato: abu mai launin zinariya da ya ba da 8 ko 9 ba zinariya zalla ba ce, domin zinariya 19.3 ce, wannan lamba kuwa ta fi kusa da ta jan ƙarfe, 8.96. Amma wani ƙarfe mai suna tongistin densitinsa 19.25 ne, dab da 19.3 na zinariya, don haka dunƙulen tongistin da aka lulluɓe da zinariya zai wuce awon ruwa lafiya lau, sai an haɗa da wani gwajin, irin na auna saurin sauti a cikin ƙarfen.